Tsohuwar Bitil ɗin Baba: A sayar wa 'yan gwangwan ko a tashe ta?

Yau ba kicin za mu shiga ba, ba kuma ɗakin yara ba. Ƙofar gidanku za mu leƙa, gindin darbejiyar nan inda tsohuwar motar Baba take durƙushe shekara da shekaru. Tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi, kaji sun mayar da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Duk wata sai 'yan gwangwan sun yi sallama sun taya, yayanki yana cewa a sayar a huta, ke kuma duk sanda kika dube ta sai ki tuna ranar sallah, ku biyar a kujerar baya an cusa ku kamar kifin gwangwani, Baba yana tuƙi yana faɗa kada kowa ya taɓa masa gilashi.

Kafin ki ce a sayar, ko ki ce a gyara, ya kamata ki san abin da ke hannunku. Gyaran irin wannan mota yana iya zama abin alfaharin zuri'a, yana kuma iya zama rijiyar da za ta haɗiye kuɗin adashinki ba ki ga ƙasanta ba. Bambancin yana ga sanin abin da za a duba, da abin da za a fara yi, da inda ya kamata a tsaya.

Motar da ba ta shan ruwa

Bitil, wadda iyayenmu ke kira Boswaja, 'yar Jamus ce. Injiniya Ferdinand Porsche ne ya tsara ta, aka kafa mata masana'anta a 1938 a garin da yau ake kira Wolfsburg. Yaƙin duniya na biyu ya tsayar da aikin, sai a 1945 wani hafsan sojan Ingila, Manjo Ivan Hirst, ya farfaɗo da masana'antar. Daga nan ta bazu a duniya. A watan Fabrairun 1972 ta zarce Ford Model T a yawan waɗanda aka ƙera, kuma lokacin da ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Puebla a ƙasar Meziko ranar 30 ga Yulin 2003, an ƙera sama da miliyan 21 da rabi.

A nan gida, kamfanin Volkswagen ya fara harhaɗa ta a Ojo da ke Legas a 1975, shekarar da Peugeot ya fara nasa a Kaduna. Lokacin ne kuma kuɗin Udoji ya shiga aljihun ma'aikata, malaman makaranta da akawuna da malaman asibiti suka samu halin sayen motar farko. Shi ya sa da wuya ki samu tsohuwar unguwar ma'aikata da ba a taɓa ajiye Bitil a cikinta ba.

Abin da ya bambanta ta da motar maigidanki shi ne, injinta yana baya, tankin mai da wurin kaya suna gaba, kuma ba ta da lagireto. Ba a zuba mata ruwa ko kaɗan. Iska ce da baƙin mai suke sanyaya ta.

Ga yadda abin yake. A saman injin akwai fanka a cikin wani gida na ƙarfe. Fambel ne yake juya dinamo, ita kuma fankar tana maƙale a bayan dinamon. Fankar tana zuƙo iska daga waje, faifan kwanon da suka lulluɓe injin su karkatar da ita kan silinda huɗu masu tsaga-tsaga a jiki, iskar ta kwashi zafi ta fice ta ƙasa. A cikin gidan fankar kuma akwai wani ɗan akwati da baƙin mai yake ratsawa ya huce.

Ki riƙe wannan, domin shi ne rabin sirrin motar: fambel ya tsinke, fanka ta tsaya, cikin 'yan mintuna injin ya ƙone. Haka nan in bakanike ya cire faifan kwanon nan ya jefar, wai suna hana shi aiki, ko robar da ta zagaye injin ta ruɓe, iska mai zafi daga salansa za ta riƙa komawa cikin fanka. Injin zai riƙa dafuwa a hankali ba tare da wata allura ta nuna miki ba, domin motar ba ta da agogon zafi.

Leƙa ƙasan sitiyari: feda uku ko biyu?

Yawancin Bitil da muka sani masu kuloci ne, feda uku, giya huɗu. Amma in kika leƙa kika ga feda biyu kacal, birki mai faɗi da totur, to kina da abin da ba kowa ke da shi ba. Wannan ita ce samfurin da kamfanin ya fito da shi daga motocin 1968, aka sa masa suna Automatic Stickshift.

Ba cikakkiyar otomatik ba ce irin ta motocin yanzu da za ki sa a D ki manta. Rabi da rabi ce. Akwai sandar giya, ke za ki canza da hannunki, sai dai babu kulocin takawa. Giyar gaba uku ce: L ta hawan tudu da tafiya da nauyi, 1 ta cikin gari, 2 ta doguwar hanya, sai ribas. Cikakkiyar otomatik mai giya uku, sauran 'yan uwanta masu shan iska aka sa wa, wato Type 3 da 411 da 412, da kuma wasu Kombi daga 1973.

Abubuwa uku ne suke haɗuwa su yi aikin ƙafar hagu. Na farko, a gindin sandar giya akwai ɗan makunnin lantarki. Da kin taɓa sandar sai bakinsa ya haɗu. Na biyu, haɗuwar nan tana buɗe wani bawul da ke ɗakin injin, shi kuma ya saki ƙarfin zuƙar da injin yake yi. Zuƙar tana bi ta tiyo ta ja wata fatar roba mai kama da fatar ganga, fatar ta ja kuloci ya buɗe. Kin saki sanda, kuloci ya koma. Akwai ma wani ɗan tanki a ɓoye ƙarƙashin mudgad na baya da ke ajiye zuƙar don ko da yaushe a same ta. Na uku shi ne kwambata, wata rufaffiyar tukunya cike da jan mai. Ki ɗauka fankoki biyu ne suna fuskantar juna: kin kunna ɗaya, iskarta ta juya ɗayar. To nan mai ne a madadin iska. Ita ce take sa ki tsaya a danja motar tana cikin giya injin bai mutu ba.

Wannan dabara ta yi wa mata da dattawa masu ciwon gwiwa daɗi a zamaninta. Amma yau kanikawan da suka san ta ƙalilan ne, shi ya sa ya zama dole ke da kanki ki fahimce ta, don kada a yi miki gyaran gangar auzinawa.

Kafin a ɗauki sufana

Tambayar farko ba ta bakanike ba ce. Motar ta wace ce? In Baba ya rasu kuma ba a raba gado ba, motar ta dukkan magada ce, har da ƙanwarki da ke aure a wani gari da Inna da ke ɗaki. Kada ki zuba ko sisi sai an zauna, an yi mata kuɗi a yadda take, an amince ko dai ki saye ta daga hannun sauran, ko a fitar miki da ita a rabonki, a kuma rubuta da shaidu. Mota tana gindin bishiya ba mai kallonta. Ranar da ta sha fenti ta fito tana ƙyalli, ranar kowa zai tuna shi ma ɗan Baba ne. Zumunci ya fi mota tsada.

Na biyu, takardu. A binciki akwatin Baba. A ɗaga kujerar baya, a kan ƙashin bayan motar za a ga lambar shasi a buge. Lambar injin kuma tana jikin injin, ƙarƙashin ƙafar da ke riƙe da dinamo. A gwada su da abin da ke takarda. Lambar shasin ce kuma za ta nuna shekarar motar, wadda sai da ita ake sayen kayan gyara daidai.

Na uku, tsatsa, wadda ita ce alƙali. Bodin Bitil ɗaure yake da notuna a kan faffaɗan faranti na ƙasa. A ɗaga shimfiɗar ƙasa, a sa sukudireba a soki farantin, musamman ƙarƙashin batir inda ruwan batir ke zuba ya ci ƙarfe. A duba dogayen bututun da ke ƙasan ƙofofi biyu, domin su ne ke riƙe da bodi. A duba ramin tayar safiya da ke gaba, da kan shasi inda ƙafar gaba take ɗaure. Ramuka a faranti ana yankewa a yi walda. Amma in ƙasan ƙofofi da kan shasi sun zama garin ƙarfe, ƙofa tana faɗowa in an buɗe, aikin ya fi ƙarfin gyaran marmari. A nan mu 'yan Arewa mun ci sa'a: bushewar iskarmu tana adana ƙarfe fiye da ta bakin teku, muddin ba a bar ruwan sama yana kwana a ciki ba.

Ranar da za a tashe ta

Kuskuren da aka fi yi shi ne a aro batir, a ɗura fetur a kafireto, a murza makulli "don a ji ko tana da rai". Injin da ya shekara goma a kwance ya bushe ƙayau, tayar da shi haka kamar a tashi mai jinya a ce ya yi tsere ne.

Ki tsaya a kan a bi wannan tsari. A cire fulogi huɗu, a ɗiga ɗan baƙin mai a kowane rami, a bari ya kwana biyu. Sannan a sa sufana a juya injin da hannu. In ya juya sumul, alhamdu lillahi. A kama babban fulin ƙasa a ja shi gaba da baya. In yana ƙwanƙwasa yana motsi a fili, cikin injin ya ci, sai an sauke. A zuƙe tsohon fetur, domin ya riga ya zama danƙo mai wari, a sauke tanki a wanke. A sa hannu da tocila a bayan gidan fanka, inda ɓeraye suka fi son yin sheƙa da tsummoki da ledoji. A juye tsohon baƙin mai a sa sabo, a duba jan man kwambata, a duba wayoyin da ɓera ya ci. Sai bayan duk wannan a kawo batir. Ki kuma sani mai feda biyu ba ta tashi sai sandar giya tana firi, kuma turin hannu irin na samarin unguwa ba ya tayar da ita yadda yake tayar da mai kuloci.

Abin da za a fara da abin da za a bari ƙarshe

Ido yana son fenti, amma fenti ne na ƙarshe. Ga jerin da zai tsare miki rai da aljihu.

Birki da taya. A canza duk tiyon birki na roba, a duba kofunan birki na kowace ƙafa da babbar tukunyar birki, a juye man birki gaba ɗaya. Man birki yana tsotsar danshi, shi ya sa ake sabunta shi duk shekara biyu. Taya kuwa ko zanenta bai goge ba, in ta tsufa ta mutu. A gefenta akwai lamba huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta.

Tiyon fetur. Wannan ne ya ƙone Bitil da yawa a duniya. Tiyon yana ratsa ɗakin injin kusa da wayoyin wuta. In ya tsage, fetur ya zuba kan injin mai zafi, shi ke nan. Gangar injin kuma da haɗin ƙarfen magniziyam aka yi ta, wanda in ya kama wuta ruwa ba ya kashe shi. A sa sabon tiyo tun daga tanki har kafireto, kowane baki a ɗaure shi da kilif, kada a rataya matatar mai ta roba a saman injin. A ajiye tukunyar kashe gobara a inda hannun direba zai kai.

Batir. A ƙarƙashin kujerar baya yake, daidai inda yara ke zama. Kujerar tana da sifirin na ƙarfe a ciki. In mai nauyi ya zauna, ko yara suka yi tsalle, sifirin ya taɓa kan batir, wuta za ta tashi a ƙarƙashinsu. Dole a ɗaure batir da kyau, a rufe kansa da murfin roba mai kauri.

Sai inji, sai giya, sai walda. Fenti da kujeru da kwalliya su zo a ƙarshe, bayan motar ta yi wata ɗaya ko biyu tana yawo a unguwa ba ta ba da matsala ba.

Cututtukan mai feda biyu

Abin daɗi shi ne, yawancin abin da ke damun wannan giya ba a cikin giyar yake ba, a waje yake, kuma ƙananan abubuwa ne.

In ana sa giya tana gurnani ko ta ƙi shiga, a fara duba tiyoyin zuƙa. Roba ce ta shekara hamsin, ta bushe ta tsattsage, zuƙa tana zurarewa. A bi su ɗaya bayan ɗaya daga injin zuwa bawul, zuwa tanki, zuwa fatar da ke jan kuloci. Ita ma fatar tana yagewa, ana kuma samun sabuwa.

In ana cikin tafiya sai motar ta saki kamar an sa firi, injin ya yi ihu, to makunnin gindin sandar giya ne. Ko bakinsa ya yi datti, ko tazararsa ta matse, ko wayarsa ta goge tana taɓa ƙarfe. Tazarar da ake so ƙanƙanuwa ce, tsakanin milimita 0.25 zuwa 0.4. Wani lokacin kuma laifin direba ne: duk wanda ya saba ɗora hannu a kan sandar giya, ko gwiwarsa tana dukanta, yana buɗe kuloci bai sani ba. Yaron da ke kujerar gaba ya kai hannu, haka abin zai faru.

In bayan an sa giya motar tana fizga da ƙarfi, ko tana jan lokaci kafin ta kama, akwai sukurun saiti a jikin bawul ɗin, da wata 'yar matatar iska da ƙura ke toshewa. A wanke, a saita kaɗan-kaɗan.

Sannan ki san motar tana shan mai iri uku da ba a haɗa su: baƙin mai na injin, man giya mai kauri lamba 90 na cikin giya, da jan man otomatik irin Dexron na kwambata, wanda ke da tankinsa daban a ɓangaren dama na baya. In kika ga jan mai yana ɗiga tsakanin injin da giya, sil ɗin kwambata ne. In kuma baƙin man injin yana ƙaruwa da kansa yana yin ja-ja, sil ɗin famfon mai ne ya mutu, domin a wannan samfurin famfon baƙin mai da na jan mai a haɗe suke, goyon juna.

Wannan ya kawo mu ga tarkon da ya kamata ki sani. In aka ce injin ya mutu a sayo na Beljiyam, injin mai kuloci ba ya shiga mai feda biyu kai tsaye. Famfon mai daban, faifan da ke haɗa injin da kwambata daban, wurin ɗaukar zuƙa daban. Kada ki yarda a jefar da tsohon injin. Daga jikinsa za a kwashe waɗannan.

Wani bakaniken zai ce a cire giyar baki ɗaya a mayar da motar mai kuloci. Yana yiwuwa, kuma in giyar ta farfashe a ciki ba a samu kayanta ba, mafita ce. Amma aiki ne babba: sabuwar giya, feda, bututun wayar kuloci a cikin shasi. Ya kuma raba motar da abin da ya sa ta fita daban. Kada a yanke wannan hukunci saboda tiyon da ya tsage.

Bakanike da aljihunki

Da tsohuwar zuma ake magani. Nemi dattijon bakanike da ya yi zamani da Boswaja, ko yaron da ya koya a hannunsa. Masu sayar da tsofaffin kayan mota a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, sukan san inda irinsu suke. Gwajinsa mai sauƙi ne: tambaye shi tazarar bawul, da lokacin da ake saita shi. In ya ce milimita 0.15, kuma sai injin ya huce sarai, ya san aikin. In ya ce faifan kwanon injin ba su da amfani, ki yi masa godiya ki kama hanya.

Kayan injin da birki har yanzu ana ƙera su sababbi a Birazil da Turai da wasu wurare, ana kuma oda ta intanet. Na giyar otomatik ne masu wuya, don haka ko da an canza abu, a dawo miki da tsohon ki ajiye.

Kada ki ba da kuɗin aiki a dunƙule. Raba aikin gida-gida: an gama birki, kin gani, kin biya, a shiga na gaba. Ki buɗe littafi ki riƙa rubuta kowane abu da ranar da aka saya. Wayar da ke hannunki ma ma'aikaciya ce: a ɗauki hoton kowane sashe kafin a kwance, a zuba notuna a leda a rubuta sunan wurinsu. Mota da yawa sun mutu a gareji ba don ba su gyaruwa ba, sai don an wargaza su gaba ɗaya, kuɗi ya yanke, kaya suka bi iska. In da hali, a yi aikin a gida.

Ki kuma yanke wa kanki iyaka tun farko, ke da maigida. Kuɗin makarantar yara da na cefane da jarin sana'arki ba sa shiga wannan lissafi. Sau da yawa abin da ake kashewa a gyara yakan fi abin da za a samu in an sayar. Don ƙauna ake yi, ba don riba ba. Sannu ba ta hana zuwa. Motar da ta jira shekara ashirin za ta iya jiran kwasar adashi biyu.

Bayan ta tashi

Bitil ba ta da wuyar sha'ani, amma ba ta yafe sakaci. Baƙin manta lita biyu da rabi ne kacal, kuma ba ta da matatar mai ta takarda, sai wata 'yar rariya a ƙasan injin. Don haka duk kilomita 5,000 a juye mai, a wanke rariyar, a saita bawul. In ba a yawan hawa, a juye ko sau biyu a shekara. A zafinmu mai kauri ya fi dacewa da ita, irin 20W-50 ko lamba 40.

Matatar iskarta ta asali kwano ce mai baƙin mai a ciki da ke kama ƙura. Lokacin hunturu, da ƙura ke tashi, a riƙa buɗewa akai-akai, a zubar da laka a sa sabon mai. Fambel a danna shi da babban yatsa, ya lotsa kamar faɗin yatsa ɗaya, kada ya wuce haka. Kullum a bar sabo a mota tare da sufanar canza shi. Iskar tayar gaba ba ta kai ta baya yawa, saboda nauyi yana baya. Ki gaya wa mai faci kada ya cika su daidai, in ba haka ba motar za ta riƙa rawa a hanya.

Fitilu biyu ne a agogon gudu da za ki koya wa duk mai tuƙa ta. Ta dinamo ta kama ana tafiya, a tsaya nan take a duba fambel. Ta mai ta kama, a kashe injin a wurin. Babu "bari mu ƙarasa gida".

Wajen tuƙi, a ɗaga ƙafa daga totur kafin a taɓa sanda, a tsaya cak kafin a sa ribas, kada a hau tudu da kaya a giya ta 2, domin jan mai zai yi zafi. In an faka a ja birkin hannu sosai, saboda na farko-farkon ba su da wurin P, kuma barin ta a giya ba ya riƙe ta.

Maganar yara

A nan zan gaya miki gaskiya ko ba daɗi. An tsara motar nan tun kafin a san jakar iska da birkin zamani. Tankin fetur yana gaban gwiwar direba, wasu ma ba su da bel a kujerar baya. Ba motar kai yara makaranta kullum ba ce, ba kuma ta hanyar Kano zuwa Abuja ba ce. Ta zagayen unguwa ce da yamma, da ziyarar Inna ranar Juma'a, da rakiyar amarya a hankali. A sa mata bel gaba da baya, yara su zauna a baya. A toshe bututun ɗumama ɗaki da ke tahowa daga salansa in ya ruɓe, domin yana iya shigo da hayaƙin da ba a gani ba a jin warinsa, mai sa barci da ciwon kai, har ya kai ga kisa.

Akwai kuma abin da ya fi gaggawa, ko za a gyara ko ba za a gyara ba. Motar da ke ajiye a ƙofar gida tarko ce ga yara masu wasan ɓuya. Bitil ta shahara da rufuwa ruf, har sai an ɗan sauke gilashi ƙofarta take rufuwa da sauƙi. Yaro ya shiga da rana tsaka, tsohon hannun ƙofa ya maƙale, zafin ciki ba ya ba da lokaci. Yau ɗin nan, kafin ki kwanta, ki tabbatar an kulle ta, an cire batir, makullin yana ɗakinki.

In sayarwa ce ta fi

Ba abin kunya ba ne. In tsatsa ta cinye ta, ko magada ba su daidaita ba, ko aljihu bai ba da dama ba, a sayar. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba: a wanke ta, a ɗauki hotuna masu kyau, har da na feda biyun da lambar shasi, a nemi masu sha'awar tsofaffin motoci. Ɗan gwangwan nauyin ƙarfe yake saye. Mai sha'awa kuwa ya san darajar giyar, da fitilu, da sitiyari, da tambarin da ke kan hancinta. Kafin a ja ta, ki tara yaranki ku yi hoto a jikinta, ki ba su labarin kakansu.

In kuma Allah ya nufa ta tashi, ranar da injin ya fara wannan tatata da kika sani tun kina 'yar firamare, ki fara kai ta ƙofar ɗakin Inna ta ji da kunnenta.

Ke fa, uwargida, wace mota ce ke kwance a gidanku, kuma me kuka yanke a kanta? Muna jiran labarinki. Allah ya jiƙan iyayenmu da suka rigaye mu, ya tsare mana zuri'a.